Foldar da Ba Ta Zuwa da Kanta

Da sunan Allah na fara. Sallama gare ku 'yan uwa masu bibiyata, musamman waɗanda suka yi ta tambaya ko lafiya na yi shiru. Lafiya lau. Abin da ya same ni a satin nan ne ba ya faɗuwa a tsaye, sai an zauna. Ku yi haƙuri da ni, ban iya sauri ba, ko a tafiya ko a magana.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Kalilu. A Magama nake, bakin iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke layi kafin su tsallaka Nijar. Babana Adama ɗan dako ne daga ƙasar Maraɗi, a nan ya yi zamansa har Allah ya karɓi abinsa, ya bar ni da Inna. Aikina a ofis ɗin Alhaji Mamman yake, inda ake shirya wa direbobi takardun kaya kafin su je gaban kwastan ko duwan, wato kwastan ɗin wancan gefen. Ni ke buɗe ƙofa, in share, in duba batirin sola, in kunna kwamfutoci. Ɗan abin da na sani na kwamfuta, da kallo na koya.

Kwamfuta uku ce a ofis ɗin. Babbar tana ɗakin Alhaji, cikinta akwai folda ɗaya da duk takardun direbobi ke ciki. Ta biyu tana gaba wurin akawu. Ta uku tana ɗan ɗakin ciki mai koren labule, wurin Salmatu, ɗiyar Alhaji, wadda ta gama karatu a Katsina ta dawo tana buga wa babanta takardu. Ƙananan biyun ba su da komai a cikinsu, sai sun miƙa hannu ta kebul zuwa babbar sun ɗauko foldar nan. Mai gyaran da ya haɗa su ya nuna min yadda ake yi kafin ya koma Katsina: ka rubuta adireshin babbar, ka sa kalmar sirri, folda ta buɗe. Amma da an kashe kwamfuta, haɗin ya tsinke, gobe sai an sake.

Akawu ya koya cikin sati guda. Salmatu kuwa ta ce ita kanta ba ya riƙe adireshin. Saboda haka kullum da safe, ina cikin shara ko ina goge gilashin sola, sai wayata ta yi ƙara.

"Folda ba ta zo ba."

Ba gaisuwa, ba komai. In kun duba wayata, saƙonta gare ni tun farkon damina kalmomin nan ne kaɗai, a jere kamar buhunan gero. Sai in wanke hannu, in yi sallama a bakin labule, in shiga. Ta ja kujera baya kaɗan, in tsaya daga gefe ina danna madannai da yatsa ɗaya.

"Malam Kalilu, an tashi lafiya? Ya Inna?"

"Lafiya lau, Malama. Tana gaishe ki."

"Ƙarya kake yi mata, ba ta san ni ba."

"Ta san ki mana."

"A bakin wa?"

Sai in ci gaba da neman harafi. Ita kuma ta rufe baki da gefen mayafi. Iyakarta ke nan, jama'a. Ban taɓa ce mata komai ba, ita ma ba ta taɓa ce min ba. Amma na san kalar duk atamfar da take da ita, na san ranar da ta sake lalle, na san tana ajiye dabino a aljihun tebur don takan tura min guda biyu da bayan biro ba tare da ta kalle ni ba. Ɗan lokacin nan da folda ke ɗauka kafin ta buɗe, shi ne duk rabona a duniya. Ɗan ɗan dako ba shi da wata ƙofa zuwa wurin ɗiyar Alhaji Mamman sai wannan.

A bakin ofis akwai benci ƙarƙashin dalbejiya, nan Baba Maɗugu ke wuni. Shi ne mahaifin Alhaji, shi ya kafa wurin. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Labarinsa ɗaya ne, kowa ya haddace shi: yadda ya ja gingimari a shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai suka ɓarke, kaya na kwarara ta iyakar nan kamar ruwan Agusta.

"Motata ba ta da ciwo ko ɗaya," in ji shi, "sai lagireto. Da na kawo Daddara sai ta yi zahi. Dole in tsaya in roƙi ruwa. Kullum Daddara, kullum ƙohwar gida guda."

Direbobi su yi dariya su ce motar da ce. Ni ma a labarin mota na ɗauke shi.

To, ranar Litinin Ɗantala ya zo. Ɗan abokin Alhaji ne, yana harkar shigo da motoci, kuma duk Magama an san abin da ke kawo shi. Shadda ruwan toka mai sheƙi, hula ta zauna daidai, makullin mota yana juyawa a yatsa, turarensa ya riga shi shiga. Ya iske ni ina fitowa daga bayan labule.

"A'a, injiniya! Me ake gyarawa a ciki da sassafe?"

"Folda nake haɗa wa Malama."

"Kullum?"

"Kullum, ranka ya daɗe."

Ya yi wata dariya ta cikin hanci, ya juya wajen Alhaji da ke tsaye a ƙofar ɗakinsa. "Baba, ai wannan ba aikin kullum ba ne. A ofis ɗinmu da an kunna kwamfuta take ɗauko foldarta da kanta, ba mai taɓawa. Sau ɗaya ake saitawa. Ko dai injiniya bai sani ba, ko kuma..." Ya bar maganar a nan, ya ci gaba da juya makulli.

Alhaji mutum ne mai kawaici, ban taɓa jin ya zagi ma'aikaci ba. Amma kallon da ya yi min ranar, na fi son zagi a kansa.

"Kalilu, haka ne?"

"Wallahi ban sani ba, Alhaji. Yadda aka nuna min nake yi."

"To ka tambaya. Kafin Alhamis ina son ta riƙa zuwa da kanta. Daga ranar ba na son ganin kowa ya ɗaga labulen can."

Da na koma gida ban iya cin tuwo ba. Inna na zaune kan tabarma tana tsince wake na ƙosan safe, ta dube ni ta gefen ido.

"Mi ya hwaru?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai ba ya hana cin tuwo. Na ji an ce mutanen Ɗantala na shirin kai goro gidan Alhaji." Ta watsar da tsakuwa. "Kalilu, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mutanen ga sun riƙe ka da mutunci, sun ba ka makullin wurinsu. Kada ka sa a ce ɗan Adama ya ci amana. Ubanka kaya ya ɗauka a kai har ya mutu, amma bai taɓa ɗaukar abin kunya ba."

Gaskiya ta faɗa.

Washegari na kira mai gyaran nan na Katsina. Ya yi dariya ya ce ai laifinsa ne, sauri yake yi ranar. Ya bi da ni a hankali. Ka shiga inda ake ganin rumbunan kwamfuta, ka zaɓi wurin ɗaura folda ta waje, ka ba ta harafi guda ya zama sunanta, ka rubuta adireshin babbar. A ƙasa akwai ɗan akwati, ka sa masa alama, shi ke gaya wa kwamfuta ta sake haɗawa duk sanda aka kunna. Sai ka sa kalmar sirri ka ce ta riƙe.

"Abu ɗaya," in ji shi, "babbar za a fara kunnawa, ƙanana su biyo baya. In ka ga folda da jar alama kamar gicciye, to babbar ce ba ta tashi ba, ko kebul ya saki. Tana nan, jira take. Amma in ka duba ka ga babu ita gaba ɗaya, ko alamar babu, to ba na'ura ba ce. Mutum ne ya cire da hannunsa."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciya ta raya min in ce wa Alhaji abin ya gagara. Wa zai sani? Amma maganar Inna ta hana ni. Ranar Laraba bayan la'asar na fara da ta akawu, na kashe na kunna, folda ta fito da kanta. Sannan na yi sallama a bakin koren labule.

Tana sanye da atamfa shuɗiya mai zanen ganye, mayafi fari. Ba ta ja kujera da sauri kamar kullum ba. Ta buɗe min kwamfutar da nata sirrin, wanda ita kaɗai ta sani, ta naɗe hannu.

Na yi komai yadda aka koya min. Da na zo kan ɗan akwatin nan, hannuna ya tsaya a kan linzamin kwamfuta. Ɗan akwati ne da bai kai ƙwayar masara ba. Na danna. Na kashe, muka zauna muna jin ƙugin tireloli a waje, na kunna. Folda ta fito, ba wanda ya kira ta.

"Shi ke nan ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan, Malama. Ba sai kin sake wahalar neman kowa ba."

"Na ce maka wahala nake sha?"

Na sunkuyar da kai.

"Ka iya aiki, Malam Kalilu," ta ce. "Ka iya aiki ƙwarai."

Ranar ba dabino.

Alhamis da safe na buɗe ofis, na kunna babbar tukuna, na jira ta tashi, na kunna ta akawu. Folda ta zo. Na ɗauki tsintsiya na fita waje don kada ma in ga shigowarta. Ina shara kusa da bencin Baba Maɗugu sai ga motar Alhaji, Ɗantala na biye da shi a tasa. Ashe ya zo ganin aikin injiniya. Suna shiga, wayata ta yi ƙara.

"Folda ba ta zo ba."

Kafin in sa wayar a aljihu na ji muryar Alhaji.

"Kalilu!"

Na iske an yaye labulen gaba ɗaya, an rataye shi a kan ƙofa. Alhaji na tsaye, hannu a baya. Ɗantala ya jingina da bango. Salmatu na zaune, idonta a kan tebur.

"Ka ce min ka gama."

"Na gama, Alhaji. Jiya ta zo."

"To ga ta nan, duba."

Na matsa. Ina addu'a a zuci in ga jar alamar nan, in ce kebul ne, in tura shi ya shiga, kowa ya huta. Na buɗe wurin rumbuna. Babu jar alama. Babu harafin da na ba ta. Wurin fes, kamar ban taɓa taɓa shi ba.

Maganar mai gyara ta dawo min. Mutum ne ya cire da hannunsa. Kuma kwamfutar nan mutum ɗaya ke iya buɗe ta a duniya.

Na ɗago kai ban shirya ba. Ba ta kalle ni ba, amma yatsunta na murza gefen mayafi har lallen ya ɓace cikin ƙyalle. Jama'a, a lokaci guda farin ciki da tsoro suka haɗu a ƙirjina, ban san wanda zan fara ji ba.

"Baba, ni fa na faɗa," in ji Ɗantala. "Ta akawu ta yi, ta nan ce kawai ba ta yi ba. Abin mamaki! Kwamfuta ma ta san ɗakin da injiniya ke son shiga."

"Ɗantala, bari," Alhaji ya ce. Ya juyo gare ni. "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka san ba na son ƙarya. Me ya sa ba ta zo ba?"

In na ce cire ta aka yi, tambaya ta gaba ita ce wa ya cire, a gaban uba, a gaban wanda mutanensa ke shirin kai goro. Kafin azahar zancen ya kai tasha, kafin magariba ya tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa. In kuwa na ɗauka a kaina, na zama abin da Ɗantala ya ce. Na tuna Inna da tiren wakenta.

"Daga wurina ne, Alhaji."

"Kuskure, ko da gangan?"

Ƙarya ɗaya na iya, ta biyu ta ƙi fitowa.

Alhaji ya jinjina kai a hankali. "Na riƙe ka kamar ɗa. Ajiye makullin a kan tebur."

Na sa hannu a aljihu. Makullin na ɗaure da wani tsohon zare da Inna ta tufka min, ya sarƙe da bakin aljihu, ina ja yana ƙi. Ɗantala ya yi tsaki. Da ƙyar ya fito, na ajiye.

Sai na ji kujera ta motsa.

Salmatu ta jawo madannai gabanta. Ta shiga wurin rumbuna, ta zaɓi harafi, yatsunta goma suka zuba adireshin babbar kwamfuta ba tare da ta ko dubi madannan ba, adireshin nan da ta ce kanta ba ya riƙewa. Ta sa wa ɗan akwati alama. Ta buga kalmar sirri. Folda ta buɗe, takardun direbobi suka jeru. Abin da nake yi da yatsa ɗaya ina gumi tun farkon damina, ta gama shi kafin mutum ya kai ƙarshen Fatiha.

Sannan ta janye hannunta ta ɗora a cinya, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan atamfa.

Makullin mota ya daina juyawa a yatsan Ɗantala. Alhaji ya dubi allon kwamfuta, ya dubi ɗiyarsa.

"Tun yaushe kika iya?"

Muryarta kamar ta sauro. "Tun a makaranta, Baba."

"Jiya ke kika cire?"

Ta gyaɗa kai.

Daga bakin ƙofa aka yi gyaran murya. Baba Maɗugu ne, dafe da sanda, ban san sanda ya taso ba.

"Mamman," ya ce, "lagireton motar nan tawa lahiya lau yake. Bai taɓa zahi ba ko sau ɗaya. Ni ke tsayawa. Uwarka kuma ta sani sarai, don ita ke ganin ina zubar da ruwan bayan mota, amma gobe ta sake kawowa."

"Baba, wannan ba lokacin..."

"Ni ban ce komi ba. Labarin mota nika ba ka."

Ɗantala ya gyara hula, ya ce yana da uzuri a tasha, ya fita ko sallama bai yi wa tsohon ba. Alhaji ya ɗauki makullina daga kan tebur, ya juya shi a tafin hannu, ya sa a aljihunsa.

"Salmatu, tashi ki tafi gida. Kai kuma fita. Kada in sake ganinka a ofis ɗin nan."

Na fita. Ina wucewa ta gaban benci, sandar Baba Maɗugu, wanda ya koma mazauninsa, ta tare min hanya.

"Zauna, ɗan Adama." Na tsuguna. "Na san ubanka, ya sha sauke min kaya. Wa ke gare ka babba yanzu?"

"Kawu Sule, a Ɗan Isa."

"Shina da rai ka bar shi can kana shiga ta bayan labule? Ofis an hana ka. Ban ji an hana kowa zaure ba." Ya janye sandar. "Ban yi maka alkawari ba, ɗiya ta Mamman ce, kuma ransa a ɓace yake. Yana iya korar kawun naka da goronsa. Amma ƙarama ba ta tashi sai babba ta tashi, ba haka na ji kana gaya wa akawu ba? To tahi ka tada babba."

Inna ba ta yi faɗa ba da na gaya mata. Ta ce, "Aikin ya tahi ke nan." Na ce ya tafi. Ta tashi ta buɗe akwatin ƙarfe, ta ciro farar rigar babana ta Juma'a, wadda ba a taɓa ba tun rasuwarsa, ta karkaɗe ta. "Ba ka zuwa gaban Sule da rigar shara."

Yau da safe ina kan babur, rigar ta yi min yawa a kafaɗa, mun tsaya a layi bakin shingen iyaka, tireloli gaba da baya. Daidai lokacin da na saba jin ƙarar nan, wayata ta motsa a aljihu. Na ciro.

"Folda ta zo da kanta."

Na tsaya ina kallo. Sai wani ya biyo baya, saƙo na farko da ta taɓa aiko min wanda ba na aiki ba.

"Kai ne ba ka zo ba."

Mai babur ya ce in riƙe da kyau, an ɗaga shinge. Na ce ya ɗan dakata. Da yatsa ɗaya, kamar yadda na saba, na rubuta mata:

"Na tafi ɗauko Kawu."